Taɓa Hannunta Ka Ji: Alamomin Da Ke Nuna Jini Ya Fara Gaza Zagaya Jikin Mai Jego

A wannan fitowa zan yi bayani ne a kan wani abu da muke dubawa kullum a ɗakin haihuwa da sashen taimakon gaggawa, wanda kuma ba ya buƙatar wata na'ura, wato yadda ake gane cewa jini ya fara gaza kaiwa ko'ina a jikin mace, da yadda ake gane ko abin ya yi nisa ko yanzu ya soma.

Wata rana ina aikin dare, gab da kiran sallar asuba, aka kawo mana wata yarinya 'yar kimanin shekara 19, haihuwar fari, ta haihu a gidan iyayenta tun wajen ƙarfe biyu. Da ƙafarta ta shigo, tana amsa gaisuwa. Aka auna hawan jininta aka samu 110 bisa 70, wanda lamba ce mai kyau ga kowa. Mijin da ya ji haka sai ya yi hamdala, ya fara tambaya ko za a rubuta musu magani su koma gida. Ni kuwa da na kama hannunta sai na ji shi da sanyi da danshi, kamar an tsamo shi daga randa. Na ƙirga bugun jijiyarta, 124 a minti ɗaya.

Na juya wajen mahaifiyarta na ce, "Mama, tun yaushe hannunta ya yi sanyi haka?"

Ta ce, "Wallahi Sista tun a gida na ji shi haka, na ɗauka sanyin dare ne. Yarinyar nan ba abin da take nema sai ruwa, ta sha ya fi kofi uku."

"Ta yi fitsari tun da ta sauka?"

Ta yi shiru tana tunani, sannan ta ce a'a.

Da muka duba sai muka tarar guntun mabiyiya ya maƙale, mahaifa ta ƙi tsukewa, ta cika da gudajin jini. Ba a yi minti ashirin ba lambar sama ta awonta ta sauko 80. Allah ya taimaka kafin nan mun riga mun sa mata ƙarin ruwa a hannu biyu, likita ya iso, an aika neman jini. Leda biyu aka ƙara mata, kuma an sallame ta kafin ranar suna. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, duk alamomin da suka sa na tashi tsaye, uwar ta gan su awa biyu kafin ni. Ba laifinta ba ne, ba wanda ya taɓa gaya mata abin da suke nufi.

Mene ne shok?

Wannan yanayi shi ne mu ma'aikata muke kira shok. Ba firgita ake nufi ba, ba kuma jan wutar lantarki ba. Ana nufin jinin da ke isa ga ƙwaƙwalwa da ƙoda da hanta da sauran sassan jiki ya yi kaɗan, har ba ya kai musu iskar da suke buƙata don su yi aiki. A wajen masu ciki da masu jego, abin da ya fi jawo shi shi ne zubar jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 kaɗai, zubar jini bayan haihuwa ya yi sanadin mutuwar mata kusan 45,000 a duniya, kuma mafi yawansu a ƙasashe irin namu ne.

Mace baliga tana da jini kimanin lita 4 zuwa 5 a jikinta. Idan ta samu ciki, jinin yana ƙaruwa da kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari, tamkar guzuri ne da jiki ke tanada saboda ranar haihuwa. Amma kuma idan ciki ya tsufa, fiye da rabin lita na jini ne ke ratsa mahaifa a kowane minti ɗaya. Da zarar mabiyiya ta fita, dole mahaifa ta tsuke ta matse jijiyoyin da suka buɗe. Idan ba ta tsuke ba, mace za ta iya rasa lita guda cikin 'yan mintuna.

To idan jini ya fara raguwa, me jiki yake yi? Yana yin abin da mai lambu yake yi da rani idan ruwa ya ja baya. Sai ya datse hanyar da ke kai ruwa gefe-gefe, ya tura ɗan abin da ya rage inda ya fi muhimmanci. Haka jiki yake matse ƙananan jijiyoyin fata da na hannu da ƙafa da na ƙoda da hanji, ya ajiye jinin domin zuciya da ƙwaƙwalwa. Zuciya kuma ta ƙara sauri. Da wannan dabara ne awon hawan jini yake zama daidai na wani lokaci, alhali jini yana ta tafiya. Yarinya mai ƙarfi da lafiya za ta iya rasa lita ɗaya, wani lokaci har zuwa lita ɗaya da rabi, kafin lambar ta motsa. Shi ya sa nake gaya wa ɗalibai masu koyon aiki cewa awon hawan jini shi ne mai zuwa a makare. In ka zauna jiransa, sai ka tarar an riga an yi nisa. Fata da bugun jijiya da hankali da fitsari su ne ke riga shi magana.

Hannu da ƙafa

Abu na farko, taɓa ta. Ba da tafin hannu ba, da bayan hannu, domin ya fi jin bambancin zafi da sanyi. A fara daga yatsun ƙafa, a hau a hankali zuwa idon sawu, zuwa ƙwauri, zuwa gwiwa, zuwa cinya. A lura da inda sanyi ya ƙare ɗumi ya fara. Idan yatsu ne kawai suka yi sanyi, abin da sauƙi, mai yiwuwa ma yanayi ne. Idan sanyin ya kai idon sawu ya wuce, jiki ya fara janye jini da gaske. Idan ya kai gwiwa, abin ya yi tsanani. Haka ake yi a hannu, daga yatsu zuwa gwiwar hannu. Amfanin wannan dubawa shi ne ana iya maimaita ta. In ɗazu iyakar sanyin a idon sawu take, yanzu kuma ta hau tsakiyar ƙwauri, to ba sai an gaya maka ba, abin gaba yake yi.

Sanyin shok yana zuwa da wani irin gumi mai danƙo a goshi da saman leɓe da tafin hannu. Macen da ta gama naƙuda dama tana gumi, amma gumin wahala da ɗumi yake, jikinta da zafi. Gumi a kan fata mai sanyi wani abu ne dabam.

Na san za a ce ai lokacin hunturu hannun kowa sanyi gare shi, kuma mata da yawa suna rawar ɗari bayan sun sauka. Gaskiya ne. Shi ya sa ba ma yanke hukunci da alama ɗaya. A rufe ta da bargo na minti goma. Wadda sanyin gari ne ya dame ta hannunta zai yi ɗumi. Wadda jini ne ya yi mata ƙaranci hannunta zai zauna yadda yake.

Gwajin farce

Wannan gwaji ne mai sauƙi da nake so kowace mai zaman jinya ta iya. A ɗaga hannun mai jego daidai ƙirjinta, a matse farcen yatsa ɗaya da ƙarfi har ya yi fari, a riƙe a ƙirga sakan biyar, sannan a saki. A mai lafiya, jan yana dawowa nan da nan, cikin sakan biyu. Idan ya kai sakan uku bai dawo ba, jini ba ya isa yatsun yadda ya kamata. Idan ya wuce sakan huɗu ko biyar, ko kuma farcen dama fari fat yake tun ba a matsa ba, wannan ba abin jira ba ne. Yana da kyau ki fara gwadawa a naki farcen, ki ga yadda mai kyau yake, sannan ki gwada nata. A yi shi a wuri mai haske, da fitilar waya in dare ne.

Kada a raina gwajin nan don ba ya cin kuɗi. A 2019 an fitar da sakamakon wani bincike da aka yi a ɗakunan kulawa ta musamman na ƙasashe 5 a Kudancin Amurka, a kan marasa lafiya 424 da ƙwayoyin cuta suka jefa cikin shok. An bi rabinsu da gwajin yatsa, rabi kuma da gwajin jini na ɗakin bincike, kuma waɗanda aka bi da yatsa ba su fi sauran shan wahala ba. Manyan likitoci a asibitocin da ke da kowace irin na'ura suna matsa yatsa har yau.

A nan ina da ɗan ƙorafi da 'yan uwana mata. Sau da yawa mai ciki takan zo naƙuda da lalle ya rufe farce goma da tafin hannu da tafin ƙafa, wani baƙi wuluk. Kwalliya ce, ba na hana kowa, ni ma ina yi. Amma lallen yana rufe mana tagar da muke leƙawa. In wata ya kama, a bar mana ko yatsa biyu babu lalle babu jan farce, ko kuma a haƙura sai an sauka lafiya a yi na suna. Idan an riga an yi, sai a koma ga dasashi, a danna shi da yatsa mai tsabta a ga yadda jan yake dawowa.

Littattafan da muka karanta a makaranta suna maganar fata ta yi fari, ko a ga wasu dabbare-dabbare masu shuɗi a kan gwiwa. Wannan a jikin Bature yake fitowa sarai. A fatarmu da wuya a gani, sai dai a ga mutum ya yi wani irin toka-toka, hasken fuskarsa ya dushe. Mu inda muke dubawa shi ne cikin fatar ido ta ƙasa, da harshe, da cikin leɓe, da tafin hannu. A ja fatar idon ƙasa a hankali. In ja ne sosai, madalla. In ya koma fari kamar takarda, jini ya yi ƙasa ƙwarai.

Bugun jijiya

A ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, ƙasan gindin babban yatsa, a danna kaɗan har a ji bugu. A duba agogon waya a ƙirga na minti ɗaya cur. Babban mutum da ke hutawa bugunsa yana tsakanin 60 da 100. Ciki yana ɗan ƙara shi, naƙuda ma haka, amma bayan an sauka an huta ya kamata ya sauko. Mai jegon da ke kwance shiru amma bugunta ya haura 100, a sa mata ido sosai, a kira ma'aikaci. In ya kai 110 ko fiye, muna ɗaukarsa alamar shok har sai mun tabbatar ba shi ba ne.

Ba yawan kawai ake ji ba, har da ƙarfin. Bugu mai kyau yana tura yatsa. Na wadda jininta ya ragu siriri ne kamar zare, yana sauri, da ka ɗan danna sai ya ɓace. Idan aka neme shi a wuyan hannu aka rasa gaba ɗaya, sai a wuya ake jinsa, an kai mataki na ƙarshe.

Akwai wani ɗan lissafi da muke yi a bakin gado, wanda duk mai karanta lamba zai iya. A kwatanta yawan bugun jijiya da lambar sama ta awon hawan jini. A mai lafiya lambar awon ce take sama, misali bugu 80, awo 120. Idan bugun ya kamo lambar awon, ko ya wuce ta, akwai matsala ko da kowace lamba ita kaɗai ba ta ba da tsoro ba. Yarinyar da na ba da labarinta bugunta 124 ne, awonta 110. Bugun ya riga ya tsallake. Shi ya sa ban saurari maganar komawa gida ba.

Wata ƙarin magana ga masu hawan jini na ciki. Macen da awonta ya saba zama 160, in aka auna aka ga 110 bayan ta zubar da jini, wanda bai san ta ba zai ce lafiya lau, alhali faɗuwa ce babba. Don haka katin awo ba takardar banza ba ce, a zo da shi.

Ƙishirwa, numfashi da hankali

Ƙishirwa mai tsanani wadda ruwa ba ya kashewa tana cikin alamomin farko, kuma ita ce aka fi yi wa fassarar da ba daidai ba. Sai a ce ai ta sha wahala ne, a ba ta ruwa, a dama mata kunu. Jiki ne yake neman abin da zai cike gurbin jinin da ya fita. Jiri idan ta ɗaga kai ko ta yunƙura za ta zauna, da ganin duhu-duhu, da ƙarar kunne, duk tafiyarsu ɗaya.

Numfashi ma yana sauri. Babba yakan yi numfashi 12 zuwa 20 a minti. In ya kai 30, ko ana ganin tana haki, tana yawan hamma, tana cewa a buɗe taga iska ba ta isar ta, abin ya yi nisa.

Sai hankali, wanda a nan ne 'yan uwa suka fi mu gani, domin su suka san halinta. Da farko za a ga ta kasa natsuwa, tana juye-juye, tana cire mayafi, tana cewa ita dai ba ta jin daɗi, wata ma ta ce ji take kamar za ta mutu. Kada a ce mata ta daina raki. Daga nan sai magana ta fara rikicewa, a tambaye ta abu ta amsa wani, ko ta riƙa maimaita magana ɗaya. Daga nan sai barci. Wannan barcin shi ne ya fi ba ni tsoro, domin sau da yawa ana murna da shi, a ce alhamdulillahi ta samu ta huta, a ja mata ƙofa. Barcin gajiya in ka kira sunanta za ta buɗe ido ta amsa daidai. Wadda sai an girgiza ta, ta buɗe ido da ƙyar ta sake rufewa, ƙwaƙwalwarta ce ta fara rasa jini. Na sha ganin masu cewa iska ce ta taɓa mai jego saboda tana surutai, a tsaya neman hayaƙi, alhali jini ne ke zuba a ƙarƙashin zani. Addu'a ba ta hana ɗaga zani a duba.

Haka kuma kunya da dauriya, musamman ga mai haihuwar fari a gaban uwa ko suruka, sukan sa yarinya ta yi shiru tana jin jini na bin ta. Kada a jira ta faɗa. A tambaye ta, a kuma duba.

Fitsari

Ƙoda tana cikin sassan da jiki ke fara rage wa jini, saboda haka fitsari yana raguwa ya yi duhu, daga baya ya tsaya. A asibiti in mun sa robar fitsari, muna son ganin aƙalla mililita 30 a kowace awa, wato kimanin babban cokali biyu. Masu jinya kan yi mamakin yadda muke yawan durƙusawa muna leƙa ledar da ke rataye a gefen gado, wasu ma su zubar da shi don su taimake mu. Don Allah kada a zubar sai an tambaya, awo muke yi. A gida kuma, mai jegon da ta yi awa shida ba ta yi fitsari ba, a kawo ta. Ko da ba shok ba ne, mafitsara in ta cika tana hana mahaifa tsukewa.

In an haɗa waɗannan duka, ga yadda muke auna tsananin abin. Wadda hannunta ya yi sanyi, tana jin ƙishirwa, bugunta ya ɗan haura 100, amma hankalinta daidai, awonta daidai, tana matakin farko, kuma a nan ne magani ya fi sauƙi da arha. Wadda sanyin ya hau ƙwauri, farce ya ƙi dawowa da wuri, tana gumi tana juye-juye, bugu ya kai 120, fitsari ya ragu, awo ya fara sauka, ta shiga mataki na biyu, kuma da wuya a rabu ba a ƙara mata jini ba. Wadda ta rikice ko ta yi laushi, bugu ya ɓace a wuyan hannu, fitsari ya tsaya, wannan kowane minti ana ƙirga shi. Tsakanin matakin farko da na ƙarshe wani lokaci bai fi rabin awa ba. Kuma macen da dama ta shiga naƙuda da ƙarancin jini, saboda zazzaɓin cizon sauro ko rashin shan maganin ƙarin jini ko haihuwa kusa-kusa, tana saurin tsallaka matakan nan da ɗan jinin da wata ba za ta ma ji a jikinta ba.

Jinin da ake gani da wanda ba a gani

Har yanzu akwai masu cewa jinin bayan haihuwa datti ne, gara ya fita. Jinin biƙi na al'ada yana raguwa ne a hankali. Wanda ke ƙaruwa, ko yake jiƙa tsumma ko audugar mata mai tsabta sharkaf cikin ƙasa da minti biyar, ko ake canja biyu zuwa uku cikin rabin awa, ko yake fitowa da manyan gudaji, wannan jinin jikinta ne yake ƙarewa. An daɗe ana ɗaukar mililita 500 a matsayin iyaka, wato cikin ledar fiya-wata guda. A watan Oktoba na 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya, tare da ƙungiyoyin likitocin mata da na ungozomomi na duniya, ta fitar da sabuwar ƙa'ida cewa ko mililita 300 ne, in dai akwai alama ɗaya a bugun jijiya ko awon hawan jini, a fara magani, kada a jira.

Ido ba ya iya ƙiyasta jini daidai, kusan kullum ragewa yake yi, domin zani da katifa suna shanyewa. Wani babban bincike mai suna E-MOTIVE, wanda aka yi a asibitoci kimanin 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu a kan mata fiye da 200,000, aka kuma fitar da sakamakonsa a 2023, ya nuna cewa shimfiɗa wata leda mai ma'auni a ƙarƙashin mai haihuwa, da ba da magunguna a tare da zarar an gano, ya rage mummunar zubar jini da abin da ke biyo bayanta da kashi 60 cikin ɗari. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero da ke Kano ce ta jagoranci ɓangaren Najeriya.

Amma fa akwai jinin da ke zuba a ciki, ba ko ɗigo a waje. Macen da ta yi ɓatan wata ɗaya ko biyu, ta kama ciwon mara mai tsanani a gefe ɗaya, tana jiri ko ta suma, mai yiwuwa cikin a wajen mahaifa ya zauna ya fashe. Mai tsohon ciki da cikinta ya yi tauri kamar dutse yana ciwo ba sassauci, mai yiwuwa mabiyiya ce ta ɓalle kafin lokaci. Wadda ta daɗe tana naƙuda, musamman in an taɓa yi mata aiki, sai ciwon ya tsaya farat ɗaya ta yi laushi, mai yiwuwa mahaifa ce ta yage. A irin waɗannan, sanyin hannu da farce da bugun jijiya su kaɗai ne shaidar da ake da ita kafin a iso asibiti.

Sannan akwai yanayi biyu da ba su bin wannan tsari sak. Idan ƙwayoyin cuta suka shiga mahaifa, yawanci kwana biyu zuwa goma bayan haihuwa ko ɓari, da zazzaɓi da ruwa mai wari, hannun zai iya zama da ɗumi da farko, bugun ma da ƙarfi. Ɗumin hannu bai wanke ta ba in tana haki, tana rikicewa, fitsari ya ragu. Na biyu shi ne raunin zuciya bayan haihuwa, wanda muke gani da yawa a ƙasar Hausa. Ita wannan ƙafafunta sun kumbura, tana tari, numfashi yana gagarar ta in ta kwanta. Jininta bai ragu ba, zuciyar ce ta kasa tura shi. Ita ba a kwantar da ita flat, a jingina ta a zaune a kawo ta.

Kafin a iso wurinmu

In zubar jini ne, a kwantar da ita a gefe, gefen hagu in har da ciki, a ɗaga ƙafafunta a kan filo biyu. A ɗora hannu ƙasan cibiya a murza da ƙarfi har a ji mahaifa ta dunƙule ta yi tauri, in ta sake yin laushi a sake murzawa, har a cikin mota. A sa jariri a nono. Kada a ja cibiya in mabiyiya ba ta fita ba. A rufe ta da mayafi, amma ba maganar wankan ruwan zafi ko gashi ko kwanciya kusa da garwashi, domin zafi yana buɗe jijiyoyin fata, ya dawo da jinin da jiki ya sha wahalar tarawa don zuciya da ƙwaƙwalwa. Kada a ɗura mata kunu ko shayi ko jiƙo, tana iya shaƙewa, kuma mai yiwuwa a shiga da ita tiyata. In tafiyar mai nisa ce kuma hankalinta garau yake, ana iya ba ta ruwan gishiri da sukari kurɓi-kurɓi. Kada a sa ta taka da ƙafarta, kada a zaunar da ita a miƙe a bayan babur ko a daidaita sahu in akwai halin kwantar da ita.

Maigida kuma, tun ciki na wata bakwai ya kamata ka bar izini cewa duk lokacin da abu ya taso a tafi, ko kana kasuwa ko kana tafiya, ka kuma san motar wa za a nema da dare. Akwai allurar tsayar da jini mai suna tiraneksamik. Binciken da aka yi a kan mata 20,000 a ƙasashe 21, har da Najeriya, wanda ya fito a 2017, ya nuna tana rage mutuwa daga zubar jini da kusan kashi ɗaya cikin uku in an yi ta cikin awa uku da haihuwa. Bayan awa uku amfaninta ya wuce. Awa ukun nan sau da yawa a tsakar gida suke ƙarewa, ana jiran wanda zai ce a tafi.

Da kun iso, ku gaya mana ƙarfe nawa ta haihu, ko mabiyiya ta fita duka, zani ko tsumma nawa ta jiƙa, tun yaushe hannunta ya yi sanyi, yaushe ta yi fitsari na ƙarshe, da duk abin da aka ba ta ta sha. In da hali a zo da tsummokaran a leda, ba abin kunya ba ne a wurinmu. A zo da mutum biyu masu lafiya da za su iya ba da jini. Za ku ga mun sa ƙarin ruwa a hannu biyu, da allurar oksitosin mai tsuke mahaifa, da iskar oksijin, da robar fitsari, wani lokaci kuma a naɗe ta da wata riga mai matse ƙafafu da ciki don ta tura jini sama. Za ku ga kuma muna dawowa kowane minti 15 muna taɓa ƙafa, muna matsa farce, muna ƙirga bugu. Abin da muke jira shi ne bugun ya sauko zuwa 90, lambar sama ta hau 100, ɗumi ya sauko daga gwiwa zuwa yatsu, ta fara gane mutane tana tambayar jaririnta, fitsari ya fara taruwa a leda.

Ko a kwance take a ɗakinmu bayan ta haihu lafiya, awa biyun farko su ne mafi haɗari, kuma ungozoma ɗaya tana iya kasancewa da gadaje da yawa a lokaci guda. In kin ji hannunta ya yi sanyi, ki taso ki kira mu, ko muna wani aiki. Duk mai son a nuna mata yadda ake matsa farce da ƙirga bugun jijiya, ta tambayi ungozomar da ke duba ta ranar awo, ta zo da wadda za ta zauna da ita ranar haihuwa a nuna musu tare.